Harajin gida ya iso, jingar Gobo zuwa Kusiri ba ta iso ba: mu biya ko mu fara tambaya?

Alhajin_Kusiri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma ina roƙon a amsa mini da hankali. An soma aiko da takardun harajin gida, ana cewa kowa ya biya kafin ƙarshen watan Yuni. Ni ban ƙi biya ba. Abin da ke cin raina shi ne, hukumar da ta iya ƙirga gidajenmu ɗaya bayan ɗaya ba ta taɓa tsayawa gabanmu ta ba da lissafin kanta ba. An sayar da kamfanin wuta, an sayar da jirgin ƙasa, an ba da na ruwa, ba wanda ya ce mana ga inda kuɗin suka shiga. A watan Satumba na 2012 shugaban ƙasar Kamaru Paul Biya ya zo har Girbidik bayan ambaliya, ya yi alkawarin jinga mai hanyar mota a kanta, kilomita 330 daga Gobo zuwa Kusiri. Yaran da aka haifa a wannan shekarar sun shiga kwaleji. Ruwa ya ci mu a 2022, ya sake cin mu a 2024. To gidan da za a karɓi haraji a kansa, wa ke da alhakin tsare shi daga ruwa? Kuma wa za mu tambaya?

Ɗan_Yelwa_Garwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka faɗi abin da ke bakin kowa. Allah ya saka.

MalamLissafi:
Alhaji, ina tare da kai a kan tambayar, amma bari in gyara wasu abubuwa don kada wani ya kama mu da kuskure ya watsar da maganar duka. Jirgin ƙasa ba sayar da shi aka yi ba. A 1999 an ba kamfanin Camrail haya ne na wasu shekaru, layin dogon kansa yana nan mallakar ƙasa. Ruwa ma haka: an raba SNEC gida biyu, Camwater ta riƙe kadarori, wani kamfani na 'yan Maroko ya karɓi rabon ruwa da karɓar kuɗi, kuma a 2018 kwangilar ta ƙare aikin ya koma hannun Camwater. Wanda aka sayar da hannun jari a fili shi ne kamfanin wuta, SONEL. A 2001 kamfanin AES na Amurka ya sayi kashi 56 cikin ɗari, a 2014 shi kuma ya sayar wa Actis na Ingila, aka sauya suna zuwa ENEO. Kuɗin irin wannan ciniki baitulmali suke shiga, asusu ɗaya, ba a ware su a ce na jinga ne ko na asibiti. Lokacin kuwa ƙasa na cikin bashi har wuya, IMF da Bankin Duniya ne suka gindaya sharaɗin a sayar. Kar ku manta a 1994 aka karya darajar sefa da rabi.

Alhajin_Kusiri:
Malam, haya ko sayarwa, dukiyar jama'a ce ta fita daga hannun jama'a ta shiga hannun wani. Mai ba da haya ma ai yana karɓar kuɗin haya. Ina lissafinsa?

MalamLissafi:
Wannan kam gaskiya ne. Ya kamata a ce kowace yarjejeniya irin wannan an buga ta kowa ya karanta.

Hajiya_Domayo:
Ni mace ce mai sana'ar ƙuli da man gyaɗa a Marwa, ban san dokoki ba. Amma ina riƙe da adashin mata a unguwarmu. Ranar kwasa sai na buɗe littafi a tsakar gida, kowace ta ga sunanta da abin da ta zuba, wadda ba ta iya karatu ba 'yarta ta karanta mata. Da zan ce musu ku dai ku yi ta zubi, ku yarda da ni, wallahi wata ɗaya ba zan ƙara ba a kan kujerar. To don me meri, wato ƙaramar hukuma, da gwamnati ba za su buɗe nasu littafin ba? Mu a nan gadar Palar ta karye a 2020, hanyar da duk motocin Mora da Kusiri da Cadi ke bi. Da damina idan mayo, wato rafin gari, ya kawo ruwa, samari ne ke ɗaukar babura da mata a kafaɗa suna tsallakar da su, a biya su. Haka muka sha fama kafin a gyara.

Bappa_Pitoa:
Hajiya kin gama magana.

Injiniya237:
Ina so a yi adalci. Ba daidai ba ne a ce ba a yi komai ba tun 2012. A 2013 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 108 don aikin gaggawa na yaƙi da ambaliya, wanda ake kira PULCI. Da shi aka gyara madatsar Maga, mai tsawon kilomita 27, da jingar kogin Logon wajen kilomita 70 tsakanin Yagwa da Pus. Madatsar nan tun 1979 aka gina ta don noman shinkafar kamfanin gwamnati na SEMRY, kuma a 2012 ta kusa ɓallewa. Da ta ɓalle da ba a ƙirga gawa ba. Bayansa kuma aka kawo ayyukan noman rani na VIVA Logone da VIVA Bénoué. Jingar kilomita 330 aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai, ba abin da za a yi da harajin gidajen Kusiri ba ne.

Alhajin_Kusiri:
Injiniya, na yarda an gyara Maga, Allah ya saka wa wanda ya yi. Amma bashi ne, jikokinmu za su biya. Sannan daga Pus zuwa Kusiri fa? Zina, Logon Birni, mu, har Gulfe da Blangwa, duk ba mutane ba ne? Idan aikin ya fi ƙarfin aljihu, sai a fito a ce jama'a ga abin da aka ƙiyasta, ga abin da muke da shi, ga abin da ya rage, za mu fara daga wuri kaza. Shirun ne ke da ciwo.

Injiniya237:
A nan ba ni da ja.

YarYagwa:
Bari in ba ku labarin abin da idona ya gani a 2024, don masu magana daga Yawunde da Duwala su ji. Ruwa bai zo mana da gudu ba, a hankali ya riƙa tasowa. Da yamma ka kafa kara a ƙofar gida, da asuba ka tarar ya haɗiye shi. Mazan unguwa suka kwana suna ɗura ƙasa a buhunan shinkafa, mata na ɗinke bakin buhu da zaren leda a hasken tocila. Kuɗin buhu karo-karo muka yi, mai ɗari biyar, mai jaka ɗaya. Gidanmu na ƙasa ne, da ruwa ya jiƙa gindin katanga sai ka ji ta yi wani nishi, sannan ta zauna. Mahaifiyata ba ta ɗauki komai ba sai tukunyar tuwo da jakar takardu. A watan Satumba gadar da ta haɗa unguwanni da tsakiyar gari ta rufta, yara 'yan makaranta sai a kwalekwale. An ce shugaban ƙasa ya ba da miliyan 350 na agaji, daga baya aka ƙara. Mu dai an rubuta sunayenmu, abin da ya iso gidanmu tabarma ce da sabulu da ɗan abinci. Ban ce wani ya ci ba, Allah ne shaida. Amma da an manna takarda a bango an ce unguwa kaza buhu kaza, da zargi bai yi yawa ba. Yanzu kuma a ce wannan filin da katangarsa ta zube a biya masa haraji?

Hajiya_Domayo:
Allah sarki 'yata. Allah ya mayar muku da alheri, ya ƙara wa Inna lafiya.

Ɗan_Yelwa_Garwa:
Amin. Mu ma a Garwa 2012 ba za ta fita daga ranmu ba, lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo. Duk ƙauyukan bakin Binuwai sun kwana a makarantu.

Sani_Yola:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni maƙwabcinku ne daga Yola, amma kakata 'yar Garwa ce. Duk shekarar da kuka buɗe Lagdo mu ne ke kwasa, daga Adamawa har Lakwaja. 2012 da 2022 ba mu ji da daɗi ba.

Injiniya237:
Ɗan'uwa Sani, madatsa idan ta cika dole a rage mata, in ba haka ba ta fashe kowa ya hallaka. An gama Lagdo a 1982, 'yan China suka gina ta. Tun lokacin ake maganar Najeriya za ta gina tata a Dasin Hausa don ta tare ruwan da aka saki, har yau ba a gina ba. Kuma ba duk ruwan Binuwai ne ke fitowa daga Lagdo ba, Faro da Mayo Kebbi suna shiga ne a ƙasan madatsar, ga Gongola da Taraba a ɓangarenku. Ku ma kuna da tambayar da za ku yi wa naku.

Sani_Yola:
Muna yi kullum. Amsar da Alhaji ke samu ita muke samu.

Bappa_Pitoa:
Abin takaici, da damina a ce Lagdo ta cika ta yi yawa, da rani a ce ruwa ya ja baya injuna ba sa juyawa, a yi ta rabon wuta unguwa-unguwa. Megawat 72 aka gina ta ta bayar. Sai da aka kafa na hasken rana a Gidar da Marwa aka ɗan samu sauƙi.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Alhaji. Maganar wuta a buɗe mata nata zaren.

TsohonMa'aikaci:
Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma na zauna kusa da masu harkar haraji, don haka bari in yi bayanin wannan harajin, don na ga da yawa ba su san yadda yake ba. Shekara da shekaru ƙa'idarsa ita ce faran ɗaya a cikin kowane dubu na darajar fili da ginin da ke kansa. Gidan da aka yi wa kuɗi miliyan 10 zai biya jaka 10 a shekara. Ana karɓarsa a garuruwan da ke da hedikwatar mulki da wuraren da ke da kayan more rayuwa irin na birni. Gonaki da wuraren ibada ba sa ciki. Abu mafi muhimmanci: ofishin haraji ne ke karɓa, amma kuɗin na ƙananan hukumomi ne. A dokar 2009, a manyan birane irin Garwa da Marwa da Ngaundere, kashi 60 na hukumar birni ne, 20 na merin da gidan yake, 20 na FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, don a raba wa sauran. An sake dokar harajin ƙananan hukumomi a ƙarshen 2024, amma manufar tana nan, kuɗin gari ne. Ke nan idan ka ƙi biya, ba ministan da ke Yawunde ka hukunta ba. Kwatar unguwarku da motar kwasar shara ka hana. Inda matsalar take, kuɗin sai sun bi ta baitulmali kafin su dawo, kuma magadan gari sun daɗe suna kukan jinkiri.

Ɗan_Yelwa_Garwa:
Baba, to idan kuɗin gari ne, me ya sa kwatar ƙofar gidanmu mu muke yashe ta da kanmu duk farkon damina?

TsohonMa'aikaci:
Ɗana, saboda mutum nawa ne ke biya? Ka zaga unguwarku ka tambaya. Abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba. Jama'a sun ce ba za su biya ba sai sun ga aiki, meri ta ce ba za ta yi aiki ba sai ta ga kuɗi. Dole wani ya fara.

Alhajin_Kusiri:
Mai iko shi ya kamata ya fara. Shi ke da ofis, shi ke da akawu, shi ke da allon manna sanarwa. Talaka me yake da shi ban da rasit?

Mai_Goro_Ngaundere:
Ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Gidanmu na gado ne tun kakanmu, takardar jauro, wato mai unguwa, da shaidu kawai gare mu. Na nemi titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Aka ce in kawo masu awo, na kawo, na biya kuɗin mai, na biya na turakun siminti. Fayil ya shiga wani ofis ya kwanta, duk zuwa sai a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Har yau ban riƙe ta ba. A wajen doka filin da ba shi da wannan takarda na ƙasa ne, haka dokar 1974 ta ce. To in an zo karɓar haraji gida nawa ne, in an zo faɗaɗa hanya ko wani babba ya ga wurin ya yi masa, gida na ƙasa ne. Ta yaya?

TsohonMa'aikaci:
Haka dokar harajin take, ta haɗa har da wanda ke riƙe da gida ba tare da takarda ba. Amma ka adana rasit ɗinka da kyau. Ba ya zama takardar mallaka, sai dai shaida ce cewa kai ke zaune a wurin kana kula da shi.

Ummu_Aisha:
Kuma ana haka sai ka ga filin gwamnati, wanda muka taso muna gani an ce na makaranta ne ko na ma'aikata, wata rana an kewaye shi da bulo an sa ƙofar ƙarfe. Wa ya sayar, wa ya saya, nawa, ba mai gaya maka. A garinmu akwai wani fili da ruwan sama ke taruwa a ciki tun muna yara, har muna kamun kifi. An cike shi an yi gini. Yanzu ruwan cikin ɗakunan mutane yake kwana. Shi ya sa nake ganin maganar Alhaji guda ɗaya ce: sayar da kayan gwamnati da ambaliya a haɗe suke.

Abakar_Walia:
Gaisuwa daga tsallaken gadar Ngeli. Ku 'yan Kamaru kuna kuka, to ku ji namu. Ni a Walia nake, gunduma ta 9 a Injamena, tsakanin Shari da Logon. A Oktoban 2022 ruwa ya kai matsayin da shugaba Mahamat Idriss Déby ya ayyana dokar ta-ɓaci. Mun bar gida muka koma tantuna a kan tudu. A 2024 kuma lardunan ƙasar 23 duka ruwa ya taɓa su, mutum 576 suka rasu, kusan miliyan biyu abin ya shafa. An yi mana jinga bayan 2022, kuma gaskiya ta taimaka, amma kowace damina da buhu muke kwana muna toshe inda ta rarake.

Batun kadarori kuwa, mu ne muka ga abin mamaki. Da aka fara haƙar man Doba aka ja bututu kilomita 1,070 zuwa Kribi a 2003, an riga an kafa doka da kwamiti na musamman mai sa ido a kan kuɗin mai, har ana ba da misali da mu a duniya. Ba a je ko'ina ba aka sauya dokar, a 2008 Bankin Duniya ya janye. A 2014 aka ci bashin sama da dala biliyan ɗaya daga Glencore aka sayi hannun jarin Chevron, farashin mai ya faɗi, bashin ya zame mana ƙarfen ƙafa, aka yanke alawus ɗin ma'aikata. A 2018 an sayar wa Olam kashi 60 na kamfanin auduga Cotontchad. A 2023 gwamnati ta ƙwace kadarorin Esso da aka sayar wa Savannah ta ce sun zama na ƙasa. Saye ne ko sayarwa, talaka a rediyo yake ji bayan an gama.

Alhajin_Kusiri:
Abakar ɗan'uwa, kogi ɗaya muke sha, kogi ɗaya ke cin mu. Mutane a nan suna cewa tun da kuka ɗaga jingarku ruwan namu ɓangaren ya ƙaru.

Abakar_Walia:
Mu ma idan kuka tara buhu haka tsofaffinmu ke cewa. Ai shi ya sa bai kamata kowace ƙasa ta yi tata ita kaɗai ba. Hukumar tafkin Cadi a nan Injamena take tun 1964, wannan aikinta ne. Sun iya haɗa kai sun yi gada tsakanin Yagwa da Bongor, jinga ma za su iya.

Bello_Makiyayi:
Ina karanta ku tun ɗazu. Kowa jinga, jinga. Ku tuna akwai waɗanda rayuwarsu a kan wannan ruwan take. Idan Logon bai malala cikin yayre, wato fadama, ba, babu ciyawar rani, babu kifi, babu masakwa. Da aka gina Maga a 1979 aka toshe hanyoyin ruwa, fadamar Waza ta bushe, ciyawa mai kyau ta mutu, masunta da makiyaya suka watse. Sai a 1994 aka sake buɗe wani rafi ruwa ya koma wani sashe. Idan za a ja bango daga Gobo har Kusiri ba ƙofofi, an tsare gari an kashe daji. Kun ga abin da rigimar ruwa ta jawo a Logon Birni a 2021, har cikin Kusiri, dubban mutane suka tsallaka Cadi.

Admin_Zaure:
Malam Bello maganarka tana da amfani. Amma ina gargaɗi, kada kowa ya ambaci ƙabila a nan. Wanda ya yi zan goge.

Injiniya237:
Malam Bello ya taɓo inda aikin yake da wuya. Jinga mai kyau tana da ƙofofin da ake buɗewa a saki ruwa cikin fadama da gangan, hakan ma yana rage wa garuruwa nauyi. Kuma jingar ƙasa ba a gina ta a tafi. Kowace shekara igiyar ruwa na cin gefenta, shanu na takawa, wasu na haƙar ƙasar bulo a gindinta, wasu na fasa ta su ja ruwa. Idan ba kuɗin kula na shekara-shekara, cikin 'yan damina kaɗan an koma gidan jiya. Masu ba da bashi suna ba da na gini, na kula kuwa daga aljihunmu zai fito. Nan ne harajin gida ke da wurin zama, in da za a ware shi a rubuce.

Gaskiya_Ɗaya:
Duk wannan dogon bayani ne. Kada kowa ya biya, shi ke nan. Sashe na 66 na tsarin mulkin 1996 ya ce manya su bayyana dukiyarsu, an yi doka a 2006, har yau ba a aiwatar ba. Kotun bincikar kuɗi ta fitar da rahoto a kan biliyan 180 na korona, kowa ya ji abin da ke ciki. Su ba su bi doka ba sai mu?

MalamLissafi:
Ƙanena, abin da ka faɗa a kan sashe na 66 haka yake. Amma shawarar kada a biya, kai ba za ka kasance a wurin ba ranar da tara ta hau kan bazawara mai ɗaki biyu, ko ranar da ɗan kasuwa ya nemi takardar shaidar biyan haraji aka hana shi. Mai ƙarfi yana da lauya. Sannan wannan rahoton na korona da ka kawo, ai shi ne ke nuna cewa idan aka matsa ana iya buɗe littafi. Masu ba da bashi ne suka matsa aka yi shi. Me zai hana mu matsa a yi irinsa a kan kuɗin ambaliya?

Gaskiya_Ɗaya:
Su suna da abin matsawa, kuɗi. Mu namu abin matsawar shi ne harajin. In mun ba da shi me ya rage?

Ustaz_Fulbere:
Dukiyar jama'a amana ce, kuma wanda aka ba amana tambayarsa ba rashin ladabi ba ne. Mun saba da ɗaukar tambaya a matsayin raini, shi ya sa ko kuɗin ginin masallaci wani lokaci ba a karanta lissafinsa. Ni ina ganin a biya, a riƙe rasit, a je da shi a yi tambaya da murya mai kyau, a tafi da dattawa da lawan na unguwa. Kuma mu ma mu ji tsoron Allah, mu daina zuba shara a kwata da gini a bakin mayo.

Lauya_Ƙarami:
Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019, sashe na 40, ta ba duk mazaunin gari ko mai biyan haraji damar neman kwafin kasafin kuɗin meri, da lissafin abin da aka kashe, da bayanan zaman majalisa, shi zai biya kuɗin kwafi. Zaman majalisar meri kuma a buɗe yake, kowa na iya shiga ya zauna ya saurara. Haka nan kowace shekara ana fitar da kundin ayyukan gwamnati, meri-meri, da sunan aiki da kuɗinsa. Ka rubuta wasiƙa, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya. Mutum ɗaya za a iya share shi, ƙungiyar unguwa da sa hannun mutum hamsin da wuya. Wannan dokar ce kuma ta ce kason da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarta, kuma magadan gari da kansu suna cewa ba ya cika. A wannan gaɓar su ma abokan kukanmu ne.

Hajiya_Domayo:
Lauya, da Faransanci za a rubuta ko? Ka taimaka ka sa mana samfuri a nan, 'yata za ta kwafa. Matan adashinmu za su sa hannu, masu dangwale su dangwala.

Lauya_Ƙarami:
In sha Allah Hajiya, zan sa shi bayan isha'i.

Mai_Goro_Ngaundere:
Ni ina shakka. Wanda ya kai irin wannan wasiƙa gobe a ce ɗan adawa ne, rumfarsa ta kasuwa ta shiga matsala.

Alhajin_Kusiri:
Tsoron nan gaskiya ne, ni ma ina da shago. Amma Lauya, meri za ta iya ba ni lissafin kwata da shara. Jingar kilomita 330 da kuɗin SONEL ba a hannunta suke ba. Wannan wa zan kai wa wasiƙa?

Lauya_Ƙarami:
Ɗan majalisarku, Alhaji. Yana da ikon yi wa minista tambaya a zauren majalisa, a rubuce ko da baki. Akwai kuma majalisar jiha da aka fara zaɓa a Disambar 2020, tana zama a Marwa. Jinga tsakanin garuruwa da yawa maganarta ce.

YarYagwa:
A sa har da lissafin agajin 2024 a cikin wasiƙar, don Allah. Unguwa-unguwa.

Bello_Makiyayi:
In za a rubuta a kan jinga, a rubuta da ƙofofi. Kada a manta da mu.

Gaskiya_Ɗaya:
Ku rubuta. Ni dai ba zan biya ba sai na ga amsa.

TsohonMa'aikaci:
Ra'ayinka ne ɗana, amma ka sani bayan 30 ga Yuni akwai tara. @YarYagwa, game da gidanku da ya rushe, kada ku karɓi ƙiyasin da aka aiko haka nan. Harajin a kan darajar fili da gini yake, ginin da ya zube kuwa ba shi da darajar da. Ku ɗauki hotuna, ku nemi takardar shaida daga lawan ko daga kwamitin da ya rubuta sunayenku lokacin ambaliya, ku kai ofishin haraji ku nemi a gyara. Wanda ya karɓi kuɗi a hannu ba rasit kada ku ba shi, ana iya biya ta waya saƙo ya shigo.

YarYagwa:
Na gode Baba. Hotunan suna wayar yayana, yana Bongor, zan sa ya turo.